Tsokaci A Kan “Lemon Ƙara Ƙarfi”: Sunansa, Illolinsa Ga Matasa Da Abubuwan Da Za Su Maye Gurbinsa A Mayo Gwoi, Jalingo

1.0 GABATARWA

Suna linzami ne, in ji Bahaushe. Duk sunan da al'umma ta raɗa wa wani abu, shi yake jan tunanin mutane game da amfanin abin ko cutarwarsa. Daga cikin baƙin abubuwan da suka shigo rayuwar masu magana da Hausa akwai wani nau'in abin sha na gwangwani da na roba, wanda kafofin watsa labarai suke fassarawa da “lemon ƙara ƙarfi” ko “lemon ƙara kuzari”, matasa kuwa sukan taƙaita su ce “enaji”. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa sunan da aka ba wannan lemo bai dace da aikin da yake yi a jiki ba, kuma Hausa ta riga ta tanadi kalmomin da suka bambanta abin da yake gina jiki da abin da yake zaburar da shi kawai. Domin cim ma wannan manufa, an dubi ma'anar kalmomin ƙarfi da kuzari, da abin da lemon ya ƙunsa, da illolinsa ga matasa, sannan aka kawo abubuwan sha na gida da za su iya maye gurbinsa. An ɗauki unguwar Mayo Gwoi ta birnin Jalingo a matsayin misali.

2.0 MUHALLIN NAZARI

Jalingo ita ce hedikwatar Jihar Taraba, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Gongola ranar 27 ga Agusta, 1991, kuma ita ce mazaunin Sarkin Muri. Mayo Gwoi ɗaya ce daga unguwannin birnin. Ta samo sunanta daga kogin da ya ratsa ta wurin, domin mayo a Fulfulde na nufin kogi. Taraba tana cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. A Jalingo kaɗai ana jin Fulfulde da Mumuye da harshen Kona da wasu da dama, amma Hausa ce harshen ciniki da hulɗa a kasuwa da tasha. Wannan ya sa duk sunan da Hausa ta ba wani kaya yakan wuce ga waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ne.

Masu shan wannan lemo a irin wannan unguwa galibi matasa ne masu neman tsawaita ranarsu. Akwai ɗaliban sakandare da na Jami'ar Jihar Taraba, wadda aka kafa a 2008, musamman lokacin jarrabawa. Akwai masu tuƙa keke napep, da direbobin doguwar tafiya zuwa Yola ko Wukari ko Gembu, da leburori, da 'yan ƙwallo. Zafin bazara na kwarin Binuwai kuma yana sa a riƙa shan lemon da sanyinsa kamar ruwa, ba tare da lissafin adadi ba.

3.0 ƘARFI DA KUZARI A HAUSA

Ƙarfi a Hausa abu ne da yake zaune a jiki, wanda ci da sha da hutu da lafiya suke ginawa. Kuzari kuwa yanayi ne na kazar-kazar da zafin nama, wanda yakan zo ya tafi. Mutum yana iya zama ƙaƙƙarfa amma ya wayi gari ba kuzari, haka kuma ramamme yana iya nuna kuzari na ɗan lokaci. Ana ganin bambancin a fili idan aka dubi aikatau ɗin da suke tafiya da kowane abin ci ko abin sha:

(1) Ya sha fura ya ƙoshi.
(2) Kunun gyaɗa yana riƙe ciki.
(3) Ya sha zoɓo ya kashe ƙishirwa.
(4) Ya ci goro ya wartsake.
(5) Goro ya hana shi barci.
(6) ?Ya ci goro ya ƙoshi.

Jumla ta (6) ba ta saɓa wa nahawu ba, amma kunnen Bahaushe ba ya karɓarta sai da wasa ko habaici, domin kowa ya san goro ba abinci ba ne. Har ma akan ce goro ya buge mutum, idan ya ci shi ciki babu komai jiri ya ɗebe shi. Ke nan harshen ya raba abubuwan sha da na taunawa gida uku: masu ƙosarwa, masu kashe ƙishirwa, da masu wartsakarwa. Gida na farko kaɗai ake dangantawa da ƙarfi, shi ya sa ake cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin tambaya shi ne, a wane gida lemon da ake magana a kansa ya faɗa?

4.0 ASALIN LEMON DA ABIN DA YA ƘUNSA

Irin wannan abin sha ya fara fitowa a Japan a 1962 da sunan Lipovitan D. A 1976 aka fito da Krating Daeng a Tailan, wanda direbobi da leburori suka runguma. Daga gare shi ne wani ɗan kasuwar Ostiriya, Dietrich Mateschitz, ya samo Red Bull, wanda ya shiga kasuwa a 1987. A yau kasuwannin Nijeriya suna da ire-irensa da yawa, kamar Power Horse da Fearless da Predator da Climax da Monster. Ya kamata manazarcin harshe ya lura cewa sunayen nan da hotunan da ke jikin gwangwanayen kusan duk suna ishara ne zuwa ga bijimi ko doki ko zaki ko rashin tsoro, wato siffofin da matashi yake burin a san shi da su.

Abubuwan da ake haɗawa a ciki sun haɗa da ruwa, da sukari, da sinadarin kafeyin, da tawurin, da wasu nau'o'in bitamin B, wani lokaci kuma da gwarana, wadda ita ma tsiro ce mai ɗauke da kafeyin. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da kafeyin miligiram 80 da sukari kimanin giram 27. Gwangwanin Monster mai mililita 500 yana da kafeyin miligiram 160. Adadin ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka karanta rubutun jikin gwangwani ko roba wajibi ne.

4.1 Yadda Kafeyin Yake Aiki

Tun daga lokacin da mutum ya farka, wani sinadari da ake kira adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa. Yawan taruwarsa shi ne yake kawo hamma da gyangyaɗi, wato saƙon jiki ne cewa lokacin hutu ya yi. Kafeyin yana kama da adinosin a ƙira, don haka sai ya je ya zauna a gurbin da adinosin yake sauka ya toshe shi. Gajiyar tana nan ba ta gushe ba, saƙonta ne aka tare a hanya. A lokaci guda kuma bugun zuciya yakan ƙaru, jini ya ɗan hau, mutum ya ji kamar an ƙara masa wani abu. Da zarar hanta ta narkar da kafeyin, sai adinosin da ya taru ya sauka gaba ɗaya, kasala ta dawo fiye da da.

Gaskiya ne sukarin da ke ciki yana ba jiki makamashi, amma makamashi ne irin na wutar kara, mai saurin kamawa da saurin mutuwa, babu abin gina jiki a tare da shi. Babbar hujja a nan ita ce, kamfanonin suna sayar da nau'in da babu sukari a cikinsa, kuma shi ma yana hana barci daidai da mai sukarin. Ashe abin da mai sha yake ji aikin kafeyin ne. Bisa rabon da aka yi a sashe na 3.0, wannan lemo ɗan gidan goro ne, ba shi da dangantaka da gidan fura.

5.0 ILLOLINSA GA MATASA

5.1 Wuce Ƙima

A 2015 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa baligi mai lafiya zai iya shan kafeyin har miligiram 400 a yini, mai juna biyu miligiram 200, yara da matasa kuwa miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyin jikinsu. Idan aka ɗauki ɗan shekara 15 mai nauyin kilo 50, iyakarsa miligiram 150 ce. Gwangwani ɗaya mai miligiram 160 ya riga ya ƙetare wannan iyaka, kafin a lissafa shayin safe ko goro ko lemon kwalba. Alamomin wuce ƙima su ne faɗuwar gaba, da rawar hannu, da ciwon kai, da tashin zuciya, da fargaba mara dalili. Ga mai ɓoyayyen ciwon zuciya abin yana iya kaiwa ga rikicewar bugunta. A 2017, a Jihar Karolina ta Kudu da ke Amurka, wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya faɗi a aji ya rasu bayan ya sha kofi da babban lemo mai kafeyin da wannan nau'in lemo cikin kimanin awa 2, kuma mai binciken gawa ya danganta mutuwar da kafeyin.

5.2 Rashin Barci

Masana barci sun nuna cewa matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Jiki yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin da aka sha. Ɗalibin da ya sha miligiram 160 da ƙarfe 8 na dare, zai kai ƙarfe 1 da kimanin miligiram 80 a jininsa, ya wayi gari da kimanin 40. Abin takaici shi ne, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta. Wanda ya kwana yana bita da taimakon gwangwani ya tara karatu ya hana shi wurin zama. Ga direba kuwa haɗarin ya fi tsanani, domin idonsa biyu amma hankalinsa ya gaji, kuma barci ɓarawo ne, ba ya sallama. Washegari sai a nemi wani gwangwanin domin a kori kasalar jiya, da haka sabo yake kama mutum, har ya zamana ranar da bai sha ba ciwon kai da ƙunci su dame shi.

5.3 Sukari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na makamashin da mutum yake samu a yini, wato kimanin giram 50 ga baligi, kuma ya fi kyau a tsaya a rabin haka. Lemon da ke da giram 11 a kowace mililita 100, rabin litarsa tana ɗauke da giram 55, kusan cokalin shayi 14. Yawan shan irin wannan yana da alaƙa da ƙiba da ciwon sukari, tsamin lemon kuma yana cinye farin haƙori. Gwamnatin Tarayya ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari a Dokar Kuɗi ta 2021.

5.4 Gauraya Shi Da Wasu Abubuwa

Mafi munin al'amari shi ne gauraya lemon da barasa ko ƙwayar tiramadol ko maganin tari mai kodin. Kafeyin yana ɓoye alamar maye, sai mai sha ya zaci bai bugu ba ya ƙara. Saboda wannan dalili ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanonin da suke zuba kafeyin a barasa a 2010. Tiramadol kuma, idan ya yi yawa, yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Matsalar ba ƙarama ba ce a Nijeriya. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, kuma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda.

Waɗannan dalilai ne suka sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bayyana a 2011 cewa bai kamata yara da matasa su sha wannan lemo ba. Ƙasar Lituweniya ta hana sayar da shi ga 'yan ƙasa da shekara 18 a 2014, Latbiya ta bi sahu a 2016, Folan kuma a 2024.

6.0 ABUBUWAN SHA NA GIDA

Mazaunin Mayo Gwoi ba ya bukatar zuwa nesa neman madadi. Abin da ake bukata shi ne ya fara gane abin da yake damunsa: yunwa ce, ko ƙishirwa, ko barci? Kowanne da maganinsa.

6.1 Masu Ƙosarwa

Fura da nono ita ce kan gaba. Gero yana ba da makamashin da jiki yake narkarwa sannu a hankali, nono ko kindirmo kuma yana ba da abin gina tsoka da ƙashi. Kunun gyaɗa, wanda mutanen Adamawa da Taraba suka shahara da shi, ya haɗa hatsi da gyaɗa da tsamiya. Akwai kunun zaƙi na dawa ko gero, da koko, da kunun aya wanda akan haɗa da dabino da kwakwa. Waɗannan su suka dace da lebura da manomi da ɗan ƙwallo da mai sahur, domin suna riƙe ciki na awoyi.

6.2 Masu Kashe Ƙishirwa

Sau da yawa kasalar da ake ji da rana a bazara ƙarancin ruwa ne a jiki, kuma ruwa mai tsabta shi ne maganinta na farko. Bayan shi akwai zoɓo, wanda Fulanin yankin suke kiran tsironsa follere, da jiƙon tsamiya mai citta da kanumfari, da ruwan garin kwalbar kuka wanda yake da yalwar bitamin C, da kankana da lemon zaƙi da rake. Babu kafeyin a cikin ko ɗaya daga waɗannan.

6.3 Masu Wartsakarwa

Goro da shayi su ma suna da kafeyin, kuma gaskiya ta wajabta a faɗi haka. Hausawa sun daɗe da sanin goro, tun zamanin da fatake suke tafiya Gwanja su ɗauko shi daga kasuwar Salaga. Sai dai al'ada ta yi masa shinge. Abin manya ne, ana ɓantara kaɗan-kaɗan, ana rabawa da jama'a, ɗacinsa kuma yana hana a zarce. Shayi kuwa a Taraba ɗan gida ne, domin ana nomansa a Kakara da ke tsaunin Mambila. Kofi ɗaya na baƙin shayi yana da kafeyin kimanin miligiram 50, ana kurɓarsa da zafi a hankali, galibi tare da burodi. Lemon gwangwani ya rushe waɗannan shingaye duka: zaƙi ya rufe ɗaci, sanyi ya sa ana kwankwaɗa, kuma yaro ma yana iya saya. Duk da haka, matashin da barci ya kama, barcin ne maganinsa. Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 ta fi kowane abin sha amfani ga ɗalibi da direba.

6.4 Hattara

Kasancewar abu na gida ba ya wanke shi daga aibi. Zoɓon da aka cika wa sukari ya zama ɗan'uwan lemon kwalba. Kunun aya yana saurin lalacewa a zafi. Nonon da ba a dafa madararsa ba yana iya ɗaukar cuta, haka ma ruwa da ƙanƙara marasa tsabta da tsofaffin robobin da ake tsintowa a ɗura abin sha a ciki. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su nemi shawarar likita. Haɗe-haɗen saiwoyi irin gadagi da aka sani a Kano, waɗanda mai sha bai san abin da aka zuba ba, ba sa cikin madadin da ake magana a kai.

7.0 BATUN SUNA

Daga bayanan da suka gabata, “lemon ƙara ƙarfi” suna ne da ya ɗauko da'awar mai talla ya mayar da ita ma'anar kalma. “Lemon ƙara kuzari” ya ɗan fi kusa, amma shi ma yabo ne, domin babu Bahaushen da yake ƙin kuzari. An taɓa ganin irin wannan a sunan a-ji-garau da aka raɗa wa wasu ƙwayoyin hana barci, inda sunan ya faɗi daɗin farko ya yi shiru a kan wahalar ƙarshe. Uwar da ta ji an ce abu yana ƙara ƙarfi ba za ta ga dalilin hana ɗanta ba, har ma tana iya saya wa mara lafiya.

Hausa tana da tsarin gina harɗaɗɗen suna daga aikatau da suna, kamar hana-salla da dafa-duka da fasa-ƙwauri. A bisa wannan tsari ana ba da shawarar ɗayan waɗannan:

(7) lemon hana-barci
(8) lemon zaburarwa

Na (7) ya fi sauƙi a baki, ya faɗi ainihin aikin abin, kuma da jin sa uba zai san ba na yaro ba ne. Na (8) ya fi dacewa da rubutun kimiyya, inda ake bukatar kalmar da za ta game kafeyin da sauran sinadarai masu irin aikinsa. Wajen wayar da kai kuwa ana iya kiran abin da lemon yake bayarwa “ƙarfin aro”, domin mai sauraro ya riga ya san zanen aro ba ya rufe katara, kuma abin da aka ara daga barcin yau, jiki ne zai biya gobe. Aikin yaɗa irin waɗannan kalmomi yana wuyan masu fassara a gidajen rediyo da talabijin, da marubuta littattafan makaranta, da sassan koyar da harsunan Nijeriya. Zai kuma kyautu hukumar NAFDAC ta duba yiwuwar a riƙa rubuta gargaɗin jikin gwangwani da Hausa da sauran manyan harsunan ƙasa, tun da yawancin masu saye a tasha da kasuwa ba da Ingilishi suke karatu ba.

8.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta nuna cewa Hausa ta bambanta ƙarfi da kuzari, ta kuma raba abubuwan sha zuwa masu ƙosarwa da masu kashe ƙishirwa da masu wartsakarwa. An ga cewa lemon da ake kira na ƙara ƙarfi yana cikin kashi na uku, domin aikinsa toshe saƙon gajiya ne, kuma gwangwani ɗaya yana iya wuce ƙimar da ta dace da matashi. An kawo illolinsa ga zuciya da barci da haƙori, da haɗarin gauraya shi da kayan maye, sannan aka nuna cewa fura da kunu da zoɓo da ruwa da isasshen barci sun wadatar, muddin an kiyaye tsabta an kuma rage sukari. Ya rage ga manazarta su bincika sunayen da ake ba wannan lemo a Fulfulde da Mumuye da sauran harsunan Taraba, domin a ga ko su ma sun ɗauki yabon mai talla ko sun kira abin da sunan aikinsa. Lafiya uwar jiki ce, kuma gyara suna yana cikin rigakafin da ya fi magani.